Jan Farcen Mama a Ƙarƙashin Jif

Dillalin tsofaffin motoci ne ya fara gani. Ya durƙusa da ƙyar a gefen jif ɗin, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗago yana kaɗe gwiwa.

"Ranka ya daɗe, ina farfelar gaba?"

Yaya, babban ɗan gidan, wanda ya kawo shi a ɓoye don ya duba ko motar za ta sayu, bai ma san mene ne farfela ba. Sai da dillalin ya yi masa bayani: dogon ƙarfen nan ne da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin gaba. In babu shi, mota za ta yi tafiyarta lafiya lau a kan kwalta, amma ta doshi dutse ko taɓo, sai dai a turo ta.

Yaya mutum ne mai saurin hawa. Ya tuna makon jiya motar ta wuni a garejin Kawu Sifana, bakaniken da ke duba ta tun suna yara, kuma aminin mahaifinsu. Bai tambayi kowa ba, ya zarce ofishin 'yan sanda. Kafin rana ta take, an tafi da tsohon.

Ƙanwarsa, wadda kowa a gidan ke kira Insifeta, a wani gari take aikin ɗan sanda. Hutu ta zo, saboda tafiyar da Baba ke yi da su duk shekara in ruwa ya ɗauke, zuwa tsohuwar gonarsu ta kan dutse inda marigayiya Mama ta dasa itatuwa. Jikoki sun kwana biyu suna ɗaure kaya. Hanyar kuwa, in ka cire jif ɗin Baba, babu motar da ke hawanta. Shi ya sa suke kiran jif ɗin Akuya. Kuma tun da aka saye ta, ba wanda ya taɓa zama a bayan sitiyarinta sai shi, in ban da wasu 'yan ranaku da ya koya wa Insifeta tuƙi tana budurwa.

Da ta dawo daga kasuwa ta ji labari, kayan hannunta ta dire a ƙofa.

"Kawu Sifana? Yaya, kana cikin hankalinka kuwa? Mutumin da ya goye ka ya haye rafi da kai?"

"To wa zai ɗauka? Aljani?"

"Baba ya sani?"

"Na faɗa masa. Bai ce uffan ba, ya shige ɗaki."

Ta fara da dillalin, wanda har lokacin yana tsaye a inuwa yana fifita da hularsa.

"Ka taɓa shigowa gidan nan?"

"Yau ne farko, ranki ya daɗe."

"Ka iya kwance farfela?"

Ya shafa tumbinsa. "Da can. Yanzu in na shiga ƙarƙashin motar nan, sai an ɗaga ta za a fito da ni."

Ta duba tumbin, ta duba tazarar motar da ƙasa, ta sallame shi. Ga kuma karen gidan da bai daina yi masa haushi ba tun da ya zo. Da ya taɓa shigowa a sace, da unguwa ta ji.

Ta juya kan Yaya. Shi ne ke son a rabu da motar, kuma motar da ba ta hawa dutse ai ta fi sauƙin rabuwa.

"Miƙo min sifana mai lamba goma sha huɗu," in ji ta.

Ya bincika akwatin kayan aikin Baba, ya miƙo mata filaya. Ta yi dariya duk da ranta a ɓace yake. Yaya dai bai kwance komai ba a duniya, ko maɓallin riga ne sai matarsa ta taimaka.

A ofishin 'yan sanda, sajen da ke riƙe da maganar ya karɓe ta da girmamawa.

"Abin ya ɗaure min kai," in ji shi. "Da muka je garejinsa, rantsuwa yake yana faɗa, har ya ce mu kai shi ya gani da idonsa. Muka kai shi. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya daɗe, ya fito. Tun daga nan bakinsa ya mutu."

Ta sami Kawu Sifana zaune a kan benci, an karɓe masa hula da takalmi. Ga sanƙonsa nan a fili. Wannan ne mutumin da ke ajiye mata alewa a cikin gwangwanin notuna.

"Kawu, me ka yi wa Akuya makon jiya?"

"Juyen mai, da takalmin birki."

"Farfelar tana nan?"

"Ni na sa mata giris da hannuna."

"To me ka gani yau a ƙarƙashinta?"

Ya kalli bango. "Ƙura."

"Kawu, in ka yi shiru kotu za a kai ka. Ko an sake ka, wa zai ƙara kawo maka motarsa?"

"'Yata, je ki gida. Rana ta yi."

Ta koma gida, ta shimfiɗa kwali, ta kwanta ta zura kanta ƙarƙashin Akuya. Warin tsohon mai da busasshen taɓo ya doke ta, sai ga ta ta koma yarinya mai kitso biyu, tana riƙe wa Baba tocila yana cewa, "Haska min aikin, ba fuskata ba." A nan ƙarƙashin ta koyi sunan kowane ƙarfe. A cikin motar kuma suka sha raira waƙa suna hawan dutse, Mama ta ƙanƙame ƙofa tana salati, Baba yana dariya yana cewa Akuya ba ta taɓa zamewa ba.

Ta haska inda farfelar take zama. Abu na farko, an mayar da kowane noti a kan ƙusarsa, an ɗaure shi da hannu. Na biyu, an lulluɓe bakin wurin da leda don kada ƙura ta shiga. Na uku ne ya sa ta ajiye tocilar a kan ƙirjinta. A gefen ƙarfen akwai ɗan jan layi, sabo fil, yana sheƙi.

Ta daɗe a kwance kafin ta fito.

Baba yana zaune a bakin gado, hannayensa a cikin aljihun riga. Bai juyo ba sai da ta yi magana.

"Baba, ɓarawo ba ya mayar da noti. Ba ya rufe wuri da leda. Kuma ba ya sa alama, don alama ta wanda zai mayar da abu yadda ya same shi ce. Kawu da alli yake sa tasa. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke sa alama da jan farce, har Mama ta riƙa ɓoye kwalbarta a cikin tukunya."

Ya yi ɗan murmushi. "Alli yana gogewa."

"Nuna min hannunka."

Ya fito da su. Gaɓoɓin yatsun duk sun ɗaye.

"Ban gane dalili ba," in ji ta, "sai da na ƙara duba layin. Layinka a miƙe yake kullum, kamar da rula aka ja. Wannan ya karkace, kuma sau uku ka ɗiga a gefe kafin ka sami wurin. Jiya ma na ga ka zuba shayi a kan faranti. Tun yaushe, Baba?"

Ya mayar da hannayensa cikin aljihu.

"Bara, a kwanar nan ta bakin rami. Ban ga gefen hanya ba. Da ka na sha kwanar, don na haddace ta, yara suna waƙa a baya. Na ce in na cire farfelar, sai in ce ta lalace, ba a samun irinta. Mota ce ta tsufa, ba ni ba."

"Kawu ya ga layin nan. Ya gane naka ne, ya gane abin da ya sa ya karkace. Yana can ba hula ba takalmi, ya ƙi faɗa."

Baba ya rufe fuska da tafukansa. Sannan ya sunkuya, ya jawo wani dogon abu daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohon zanen Mama.

Shi da kansa ya rungumi farfelar har ofishin 'yan sanda, Yaya na biye kamar wanda ruwa ya daka. Ya dire ta a kan teburin saje.

"Ga ɓarawonku. Ni na cire, saboda idona ya tafi, kuma na ji kunyar faɗa. Ku ba mutumin nan hularsa."

Kawu Sifana ya sa hularsa a hankali, ya gyara mata zama. Yaya ya durƙusa zai ba da haƙuri, Kawu ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya dubi Baba.

"Tsohon banza. Da ka ce min in cire, ai da na ja maka layin a miƙe."

Da yamma Insifeta ce a ƙarƙashin Akuya, tsofaffin biyu suna tsugune suna gardama a kan wane noti za ta fara ɗaurewa. Ta juya farfelar har ja ya haɗu da ja. Da ta fito tana goge hannu, Baba ya lalubo tafinta ya danƙa mata makulli, da ɗuminsa.

"Ƙaramar giya tun daga gindin dutse," in ji shi. "Kuma kada ki taɓa kuloci a gangara."

"Na sani, Baba."

"Ni zan zauna wurin mamarku. In kin ga na riƙe ƙofa, kada ki yi dariya."