Zafin da Ya Shiga Gindin Randa

Da yammacin wata Talata cikin bazarar Garuwa, Dela na tankaɗen gari a tsakar gida sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ta ɗaga kai. Babu kowa a kan katanga, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Wani ya sake faɗowa cikin tasar garin. Ta ɗauka, ta yar da sauri, don zafinsa kamar daga murhu aka zaro shi.

'Yarta Kausar na zaune a gindin randa da kwamfutar marigayi babanta. Daga Ngawundere ta dawo don ta kammala rubutun ƙarshe na jami'a, kuma duk wahalar shekarunta na cikin wannan tsohuwar na'ura mai nawa. Ganin yarinya na kuka da ita ne ya sa Dela ta naɗe ta a zani ta hau moto, wato babur ɗin haya, zuwa rumfar Georges mai gyara, ta ce ya canza mata ƙwaƙwalwa, ya sa wadda ta fi kowacce gudu. Georges ya buɗe, ya gwada, ya ce furosesar, wato ƙwaƙwalwar da take nunawa, za ta zauna a gurbin daram, amma zafinta ya fi ƙarfin 'yar fankar ciki, gara matsakaiciya. Dela ta ɗauka dabarar 'yan kasuwa ce, yana ɓoye mai kyau don wani. Ta ja ciniki har ya gaji, ya sa mata abin da take so.

Na'ura ta yi gudu kuwa, amma ba ta ɗoruwa a cinya. Sai Kausar ta riƙa ajiye ta kan damshin yashin gindin randa, huci na fita ta gefe yana dukan wani ɗan rami a jikin bango, tun la'asar har a kira magariba.

Jifa ya ci gaba kullum rana ta yi ja. Ruwan randa ya koma ɗumi. Dela ta fara jin kukan jariri can ƙasa-ƙasa, ta leƙa maƙwabta, babu mai goyo. Ta kasa zama wuri ɗaya, ta share inda ta share, ta fito ta koma. Ranar Juma'a Kausar ta miƙe daga gindin randa, jikinta zafi rau kamar garwashi, ta dubi uwarta da idon da ba nata ba, ta yi magana da muryar tsohuwa cikin Fillanci irin na mutanen da.

Aka kira Malam Adoum. Ya zo ana gab da magariba, bai tambayi komai ba, ya zauna ya kama karatu a hankali. Gidan ya yi tsit, sai numfashin yarinya. Can ta fara murɗewa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Ni ce mai ramin," muryar ta amsa da Hausa. "Tun kafin a sa tubalin gidan nan nake. Ko ruwan zafi mutanen gidan za su zubar suna bisimilla, mu kauce. Wannan karon wuta suka hura mana ba sallama, kullum, kullum. Bayan jikana ya saɓule."

Malam ya ce ba da sani aka yi ba, ya tuna mata haramcin zalunci, ya ce ta faɗi abin da zai raba su lafiya. Muryar ta ce za ta riƙe yarinyar har jikanta ya warke, ko shekara nawa ne. Ya ƙara karatu, ta yi ƙara, ta sauko. Ta ce to a ba ta abin da ya ƙona shi, a binne a yashin, kada a sake taɓawa.

Nan Dela ta gyara zama. Ta ce ai ƙwaƙwalwar ce mai laifi, a cire ta a binne, a bar musu sauran. Ta ce ko a ba su zuwa gobe su kwashe rubutun. Ta yi tayin turare, ta yi tayin barin kusurwar gaba ɗaya. Malam na yi mata alama da hannu, ba ta gani.

Kausar ta juyo da kai a hankali. Leɓɓanta sun tsage, fatar wuyanta ta fara tashi kamar wadda tafasasshen ruwa ya zubo wa.

"Ci gaba da tayi, Dela," in ji muryar. "Ni ba na sauri. Jikin ba nawa ba ne."

Dela ta dubi wuyan. Ta tashi, ta tona yashin da hannunta, ta yi bisimilla da ƙarfi, ta sa na'urar da duk abin da ke cikinta, ta mayar da ƙasa. Malam ya ɗauki alkawari daga bakin tsohuwar, ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta yi rawa, Kausar ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta, gumi na karyo mata.

Bayan sallar isha ta buɗe ido, ta dubi gindin randa, ta dubi ƙasar da ke cikin faratan uwarta.

"Inna, ina rubutuna?"

Dela ta tallafo kanta, ta kai mata kofi baki.

"Sha ruwa tukuna," ta ce. "Ya yi sanyi."