Ranar da Baba Ya Ji Kiɗan Dogo

"Wallahi idan ka kunna kiɗan nan naka yau, ni da kai mun ɓata!"

Auta ce ke faɗin haka a ƙofar gida, tana nuna saurayinta Dogo da yatsa. Shi kuwa sai dariya yake yi yana goge gilashin motarsa.

"Haba abar ƙaunata, ni mahaukaci ne?"

"Saura kaɗan. Wa ke jin ƙarar fanka da ɗigar famfo ya ce waƙa ce?"

"Au! Ba ke kika ce in turo miki ita jiya ba?"

Ta kau da kai, don gaskiya ya faɗa. Dogo mai daidaita sauti ne a gidan rediyo, kuma ba shi da abin so irin tono mawaƙan da ko maƙwabtansu ba su san suna waƙa ba. Wasu jita suke murɗawa har ta yi kamar tana kuka, wasu a ɗakin kwanansu suke haɗa komai da kwamfuta. Da can toshe kunne Auta take yi, yanzu kuwa da su take ɗinki a shagonta.

Amma yau ba ranar wasa ba ce. Wata huɗu ke nan Baba ya ƙi jin zancen aurensu. Dalili kuwa, wata rana ya yi wa Dogo magana a bakin titi har sau uku, gogan naka na tafe da abin ji a kunne, ko waiwaye bai yi ba.

"Mutumin da bai ji ni ba ina ɗaga murya, ta yaya zai ji ki ran da kike kuka?" in ji Baba. Daga nan ya rufe maganar.

Yau za a duba idon Baba a asibiti, motar Yaya ta ƙi tashi, Mama ta yi dabara ta ce a kira Dogo. Auta ta san idan wannan dama ta suɓuce, da wuya a sake samun wata.

Baba ya fito fuska a ɗaure. Dogo ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da "lafiya" guda ɗaya tak, ya shiga gaba. Auta ta zauna a baya, Dogo ya ja mota.

Ko ƙarshen layi ba su kai ba motar ta ɗauki ƙara.

Taf... taf... taf... shhh!

Ashe wayar Dogo ta saba haɗa kanta da rediyon motar. Auta ta runtse ido. Shi ke nan, an gama da ita! Dogo ya kai hannu a rikice zai kashe, Baba ya cafke masa wuyan hannu.

"Bar shi."

"Baba, ka yi haƙuri, kuskure ne..."

"Na ce ka bar shi! Ƙaro murya."

Ƙarar ta cika motar, jita na bin ta a hankali. Baba ya karkatar da kai.

"Wannan ai injin buga takarda ne."

Auta ta buɗe ido. Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a maɗaba'a. Tun da idonsa ya raunana ya bar aikin, ko sunan wurin ba ya son a ambata.

"Shi ne, Baba," in ji Dogo. "Wasu 'yan'uwa mata biyu ne suka naɗi ƙarar injin mahaifinsu, suka ɗora jita a kai. Ko mutum ɗari uku ba su saurare ta ba."

"Mayar baya. Injin nan ba shi da lafiya, bel ɗinsa ya saki."

"Wannan ƙis ɗin da ke zuwa duk bugu na huɗu? Na ɗauka da gangan suka sa shi."

Baba ya juyo gaba ɗaya ya dube shi.

"Ka ji shi?"

"Tun ranar farko."

"Ikon Allah! Waɗanda na koya wa aiki sai su shekara ba su ji wannan ba."

Dogo ya juyo ya dubi Baba. "Baba, ran nan a titi... wallahi ba raini ba ne. Ka yafe mini."

"Dubi gabanka kar ka zuba mu a kwata. Ka rubuta wa yaran nan su gaya wa ubansu ya ɗaure bel. Akwai wata irinta?"

"Akwai ta keken ɗinki, akwai ta jirgin ƙasa..."

"Sa ta jirgin."

Auta ta saki ajiyar zuciya. Daɗi ya kama ta har hawaye suka zubo, ta sa bakin gyale ta share kafin a gani. Rabon da ta ji Baba na zuba haka har ta manta.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta leƙo da kati a hannu. "Mutum ɗaya zai shiga da shi. Wane ne?"

Auta ta miƙe da sauri. Baba ya ɗaga mata hannu.

"Zauna ki huta, Auta. Surukina zai shiga da ni, ba mu gama magana ba."