Zaki a Bayan Raga

Sa'ida ta miƙa wa Kawu Ilu jakar kyamara. Ta san ba kallon dabbobi ya kawo shi gidan zoo ba. Ya zo ne ya ga Nazeer, ma'aikacin da ke kula da kejin zaki, ya faɗa masa baki da baki ya fita harkarta.

Kawu ne ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya koya mata hoto. Shekara arba'in yana ɗaukar biki da suna a Soron Ɗinki, kuma ko a mafarki ba ya karɓar gyara a kan sana'arsa. Wadda ta ɓata maganar Nazeer kuwa Murja ce, 'yar ƙanwar Kawun, mai son Sa'ida ta auri yayanta Mikail. Ita ta kai rahoton wai saurayin kashin kura yake kwashewa. Yau ma ga ta ta biyo su, wai jimina ta zo gani.

Nazeer ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu ya amsa da ka. To, mai hoto dai mai hoto ne. Yana hango zakin kwance can ƙurya sai ya ɗage faɗan, ya ɗaura wa kyamarar dogon lens, gilashin da ke jawo nesa kusa.

Sa'ida ta ga ya tsuke ƙofar hasken kyamarar zuwa lamba sha shida, yadda ya saba in zai ɗauki dangin amarya sahu uku kowa ya fito tar. Ta san a haka ragar ce za ta fito, ba zakin ba.

Ya danna. Ragar keji ta fito raɗau, zakin ya zama dusu-dusu a bayanta. Ya sake har sau biyar, ba ta canza zani ba. 'Yan kallo suka fara leƙen allon kyamarar suna murmushi. Nan Murja ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta ce tunda Malam Nazeer kullum cikin masu hoto yake, ai sai ya gyara wa Kawu.

Sa'ida ta san abin da Murja take yi. In Nazeer ya gyara wa Kawu a gaban mutane, maganar aurensu ta mutu a wurin.

"Nazeer..." Sa'ida ta faɗa can ƙasa.

Nazeer ya ce shi mai shara ne, ina ya ga sanin hoto. Sai dai ta bayan kejin rana ta fi kyau, in Baba zai daure ya biyo shi. Ya buɗe ƙofar ma'aikata, ya ce mutum biyu kaɗai doka ta yarda ya shigar. Murja ta tsaya a waje da jiminarta.

Da suka zama su uku, Nazeer ya sunkuyar da kai.

"Baba, tambaya gare ni. Nakan ga wasu sun manna lens da raga, sun buɗe ƙofar hasken har lamba biyar da ɗigo shida. Mece ce hikimar?"

Kawu ya dube shi. Sannan ya murza ya buɗe ƙofar hasken, ya matsa har lens ya taɓa raga, ya saita idon zakin, ya danna.

Ragar ta ɓace kamar ba a taɓa kafa ta ba. Ga ƙwayar ido, ga gashin baki ɗaya bayan ɗaya, har ƙudan da ke kan hancinsa.

"Tun yaushe ka gane?"

"Tun hoton farko, Baba."

"Kuma ka yi shiru."

"Da mutane a wurin."

Kawu ya cire lens ɗin, ya goge shi da bakin riga a tsanake, ya rufe. Sa'ida ta ji kamar shekara guda ya yi yana zuge jakar. Son Nazeer bai taɓa cika mata ƙirji irin na wannan tsayuwar ba, kuma ba ta da abin yi sai jira.

Kawu ya miƙa wa Nazeer jakar maimakon ita.

"Riƙe min zuwa bakin titi. A hanya ka faɗa min su wa za ka turo, kuma yaushe."