'Yar Kyanwar da Inna Jumma Ta Ƙi Yarwa

Jifan farko ya sauka kan kwanon ɗakin Inna Jumma ana shirin sallar magariba. Tana zaune bakin ƙofa da buta, jikarta Tahira tana kora kaji akurki. Tsohuwar ta ce yaran maƙwabta ne marasa tarbiyya. Sai wani dutsen ya biyo, wani ya sake biyowa, kuma duk daga wajen tsohon rumbun bayan gida suke fitowa, inda babu hanya, babu kowa, sai karan dawa a jingine. Awaki suka yi tsit. 'Yar kyanwar da ke kwance kan zanin Inna ta miƙe, ta kafa wa rumbun ido.

Ba a daɗe da kawo ta gidan ba. Ɓeraye ne suka addabi geron Muntaka, ɗan Inna, har suka ciji Tahira a yatsa tana barci. Shi ya sa Inna ta taka da ƙafarta zuwa gidan ƙawarta Sauda a kan hanyar Ɗanbatta, inda mage ta haihu. Inna ba ta ɗaukar abu da garaje. Tabarma ta sa aka shimfiɗa mata, ta zauna tana kallo. Mai kwantsa a ido, ta ce ba ta so. Mai kumburarren ciki, ta ce tsutsa ce. Wata kyakkyawa ta shige ƙarƙashin gado tana huci, Inna ta ce wannan ba ta san hannun mutum ba, in ta girma yara za ta riƙa yakushi. Sai wata ja mai farin wuya ta hau cinyarta da kanta, tana wasa da carbi. Inna ta leƙa kunnenta, ta buɗe bakinta ta duba dasashi, ta shafa gashinta ta ga babu ƙuma, ta tabbatar uwar ta yaye ta. Sannan ta yi bisimilla ta ɗauko ta da rana tsaka.

Jifa bai daina ba. Kullum rana ta yi ja sai ya fara. Daga baya aka riƙa jin murya can cikin rumbun, kamar mace tana rarrashin yara. Wata magariba Tahira ta taho da kwanon tuwo, ta tsaya cak a tsakar gida, kwanon ya suɓuce. Ta zube ƙasa, jikinta ya sandare. Daga ranar ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta, in 'yar kyanwar ta matso kusa sai ta kurma ihu da muryar da ba tata ba.

"Inna," in ji Muntaka, "tun da magen nan ta shigo gidan nan muka rasa kwanciyar hankali. Bari in kai ta daji."

"Kai ka zaɓo ta?"

"A'a, Inna."

"To ba kai za ka yar da ita ba. Je ka kira Malam Habibullah."

Malam ya iso bayan la'asar. Dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna gefen tabarmar da aka kwantar da yarinyar, ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba, har inuwar katanga ta rufe tsakar gida. Tahira ta fara murƙususu. Can bakinta ya buɗe.

"Ka daina ƙona ni, Malam."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Tun kafin a haifi ubanta nake cikin rumbun nan da 'ya'yana. Maguna da yawa sun zo, suna ganinmu suke tsallake katanga. Wannan ba ta san tsoro ba. Wasa take yi da 'ya'yana, tana binsu, ta hana su barci. A jefa ta rijiya, in saki yarinya."

Muntaka ya yunƙura zai tashi. Inna ta riƙe masa bakin riga.

"Zauna."

"Inna, ran Tahira fa ake magana."

"Na ji, ba kurma ba ce ni." Ta juya ga jikarta, ta dubi abin da ke jikinta ido cikin ido. "Ke baiwar Allah, in an jefa magen, za ki bar gidan?"

Tahira ta kau da kai.

"Ina tambayarki."

"Zan saki yarinya."

"Ki sake ta ki koma rumbu, ko? Gobe akuya ta yi miki kuka ki sake hawanta, ki ce a yanka akuya. Jibi ki ce jariri ya dame ki. To ba a gidana ba. Dabbar da ba ta yi laifi ba, ba zan kashe ta in je in amsa a gaban Allah saboda ke ba."

Malam ya gyaɗa kai. "Kin ji mai gida. Babu abin da za a ba ki. Ki fita don Allah, ko in ci gaba."

Ya ci gaba da karatu. Duwatsu suka fara sauka kan kwano kamar ƙanƙara. Muntaka yana ta salati, hawaye na zubo masa. Inna ta sunkuya, ta ɗauki 'yar kyanwar ta ɗora a ƙirjin Tahira. 'Yar dabbar ba ta gudu ba. Ta shinshina fuskar yarinyar, ta kwanta, ta fara gurnanin nan na mage mai jin daɗi.

"Ɗauke ta! Ɗauke mini ita!"

"Ina za ki koma?" in ji Malam.

"Kukar bayan gonaki. Amma ku riƙe ta har in kwashe 'ya'yana. Ƙaraminsu bai iya gudu ba."

Wannan maganar kaɗai ce ta ɗan taɓa Inna. Ta ɗauki 'yar kyanwar ta sa cikin mayafinta ta rungume.

"Kwashe su a hankali, babu mai korarku da gudu. Amma kada ki waiwayo."

Malam ya sa aljanar ta rantse da Allah, ta rantse. Jifa ya tsaya. Karan dawar da ke jingine da rumbu suka yi motsi, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa bakin katanga, alhali babu iska. Tahira ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki, ta buɗe ido tana kallon mutanen da suka kewaye ta.

"Inna, yunwa nake ji."

Muntaka ya fashe da kuka. Inna ta harare shi.

"Share fuskarka, ka je ka damo mata kunu. Gari na wayewa ka ɗauki gatari ka rushe mini rumbun nan, ni zan tsaya a kanka."