Matan da Ke Shafe Daɓen Coci

Ranar jajiberin Ista na ɗauki bokitin baƙar laka da dutsen guga na nufi tsohuwar cocinmu, rana ta kusa faɗuwa. Kakanninmu ne suka gina ta da tubalin da suka gasa da hannunsu, kuma tun lokacin mata ke shafe daɓenta da laka. Da muna da yawa. Wasu sun mutu, wasu sun bi 'ya'yansu birnin Lilongwe, aka bar ni da gwiwoyin da ba sa jin magana. Na gaji, hutu kawai nake so.

Ko yarinya ta san daga bagade ake farawa, a yi ta ja da baya har ƙofa. Ni kuwa don gajiya sai na zube a bakin ƙofa na fara daga nan. Da na ɗago, ga ni a jikin bagade, ɗanyar laka shimfiɗe tsakanina da waje, haske ya kusa ƙarewa.

Na zauna jiran ta sha iska. Warin laka da kashin jemage ya cika wurin.

Sai na ji ƙarar dutse a kan daɓe, can wajen ƙofa. Wani ya amsa daga hagu, wani daga dama.

Ba kowa. Amma lakar na kwantawa sumul, layi bayan layi, tana matsowa.

Ƙamshin hayaƙi da man gyaɗa ya bugi hancina. Ƙamshin zanin mahaifiyata ke nan, wadda muka binne a bayan cocin nan tun ina goyon fari.

"Nasibeko," ta raɗa a kunnena. "Wa ya koya miki farawa daga ƙofa?"

"Amayi... na gaji ne," na ce, yadda muke kiran uwa.

Wata tsohuwa ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ku ji ta. Wai ta gaji."

"Ba ku huta ba?" na tambaya.

"Wa zai yi in mun huta? Matsa, kin tare mana hanya. Ko ki zauna, akwai wurinki a layi."

Hannu mai sanyi, jiƙe da laka, ya kama idon sawuna.

Na fizge. Na keta ɗanyen daɓen da gudu, ina zamewa, ina tashi, har na faɗa cikin masarar Fada, limamin cocinmu.

Bayan Ista na je na durƙusa wa Fada Chimbalanga, na ce a zuba siminti. Ya dube ni. "Ke da kanki, Amayi?" Na ce ni da kaina. Na yi zaton in babu laka, babu aiki, su huta, ni ma in na je in huta.

An zuba. Yanzu duk almuru, in na wuce, ina jin duwatsun suna kartar siminti, da ƙarfi fiye da da, ga nishi a tsakani. Ashe aiki na ƙara musu.

Ni kuma tari ya kama ni tun damina, kuma ba ya sauka.