Safa Uku a Adakar Inna

Sa'adiya na zaune a tsakar gida da tsinken saƙa a hannu sa'ad da mijinta Attahiru ya jingine kekensa a zaure. Malamin awon auduga ne a Gusau, dawowarsa ke nan daga Bungudu wajen mahaifiyarsa.

"Sannu da zuwa, Malam. Ka ba Inna safar?"

"Na ba ta."

"Mi tac ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ta amsa, ta tura ƙarƙashin tabarma."

Shekara ta uku ke nan! Tun tana budurwa ta koyi saƙar ulu wajen matar wani akawun jirgin ƙasa a Sabon Gari, kuma tun da ta ji ana cewa faso na damun ƙafar surukarta, duk sanyi sai ta saƙa mata safa. Ko madalla ba ta taɓa samu ba. In ta je gaisuwa ma, Inna kawar da kai take yi, ta amsa a gajarce.

"Ki yi haƙuri," in ji Attahiru. "Ni ɗan fari na. Ko sunana Inna ba ta faɗi, wancan take ce mini. Kunya ta, ba wani abu ba."

"Kunya har shekara ukku? A dai ce ba a so na, a huta."

Sa'adiya yarinya ce mai kirki, amma tana son in ta yi abu a yaba a kan idonta. Ta naɗe ulun ta jefa bayan gado. Daga ranar hira ta ragu a gidan, tuwo ma sai a ajiye masa ba magana.

Da cikinta ya tsufa ta tafi gidansu a Tsafe goyon ciki. Can Attahiru ya bi ta a motar gyaɗa, ido ya faɗa.

"Inna ba lafiya. Mu je ki gan ta, ko wuni guda ne."

"In je ta juya mini ƙeya? Ka gaishe ta."

Bai ɗaga murya ba. Ya sa takalmi ya fita. Kwana huɗu tsakani Inna ta rasu.

Ranar sadakar uku a Bungudu, Gwaggo Ladidi, ƙanwar marigayiya, ta ja Sa'adiya ɗaki ta buɗe adaka. Ga safa nan duka uku. Biyun farko duddugensu ya cinye, an yi ta cike shi da farin zaren da Inna ta kaɗa da hannunta.

"Ba ta kwana sai da su," in ji Gwaggo. "In ta ji kun taho, sai ta tuɓe ta ɓoye. Amma kowa ya shigo gidanga sai ta miƙe ƙafa ta ce, ku ga aikin matar wancan, duk Bungudu wa ke da irinta?"

Ta nuna masaƙa a kusurwa, da majanyi da bai kai rabi ba.

"Na goyon ɗiyanki na. Ranar da ta cika, sau biyu tana tambaya ko kin iso."

Sa'adiya ta durƙushe ta rungume safar, ta yi kukan da ba ta taɓa yi ba. Ta nemi gafarar Attahiru, shi kuwa har suka tsufa bai taɓa goranta mata ba, kuma haƙurin nan nasa ne ya riƙe auren.

Ta haifi mace, aka sa mata sunan Inna, ana kiranta Uwani. Majanyin kuwa ta ƙarasa shi da ulu, rabi saƙi rabi saƙar zamani, mata suna dariya tana goyo da abinta. Sai ga ta ita ma ba ta iya yi wa 'yar farinta wasa a gaban mutane, alhali son yarinyar kamar ya fasa mata ƙirji.

'Yan mata, ba kowane mai son ku ne zai iya faɗa da baki ba. Ku je tun ana tambayar ko kun iso.