Gurbin Tabarma a Asibitin Inuwa

Na'urar da ake kira Inuwa tana aiki a hawa na ƙarshe na Babban Asibitin Birnin Tsauni. A jikin bangon gilashi, asibitin ne sukutum, an ƙanƙanta shi: gadaje, likitoci, har motocin ɗaukar marasa lafiya masu tuƙa kansu. Kowane majinyaci ɗigon haske ne, ja idan yana jin jiki, kore idan ya warke.

Injiniya Lubabatu Ɗanjuma ce ta gina ta. Aikinta kwaikwayo: kafin gari ya waye, Inuwa ta riga ta gwada yinin gobe a cikin kwamfuta ta hanyoyi bila adadin, ta zaɓi wadda ta fi sauri. Duk abin da ta ga ba ya ƙara wa magani komai, sai ta kira shi ɓarna ta cire. Ma'aikata suka raɗa wa tsarin suna Tankaɗe. A gaskiya ya yi rana, don layin karɓar kati ya ɓace, magani ya daina ruɓewa a sito.

Sai Inuwa ta juyo kan masu jinya. Mata da tabarmi da kwanuka a baranda, suna tare wa keken marasa lafiya hanya. Ta kira su ɓarna, aka sallame su. Aka maƙala lasifika a kan kowane gado tana tambayar jiki, da muryar Lubabatu, wai don ta fi taushi. Wanda ya ce da sauƙi, a rage masa gwaji. Wanda ya yi ta maimaitawa, a sallame shi. Masu ilimi ne fa suka zauna suka amince da wannan, a garin da mutum zai ce da sauƙi ko da ransa na maƙogwaro!

Ana haka aka kwantar da Malam Ɗanjuma, mahaifin Lubabatu, da ciwon ciki. Ita ce 'yar farinsa. Tun haihuwarta bai taɓa kiran sunanta ba saboda kunya, balle ya kai mata kukan jikinsa. Ƙanwarsa Gwaggo Tasalla kaɗai yake buɗe wa ciki, ita kuwa masu gadi sun tsayar da ita a ƙofa da kwanon kununta.

"Yaya jiki?" lasifika ta tambaya.

Malam ya ji muryar 'yarsa. Ya kawar da kai, ya dafe ciki. "Alhamdulillahi, da sauƙi."

Haka ya yi ta amsawa har ɗigonsa ya koma kore. Lubabatu ta gani daga sama ta yi murna, murna ta gaske. Mota ta kai shi gida.

Washegari da hantsi Gwaggo Tasalla ta kira ta a waya. "Ke Luba, wane irin asibiti ne wannan? Yaya yana aman jini. Ya ce mini tun yana can bai iya haɗiyar ko ruwa ba."

"Gwaggo, ai cewa ya yi da sauƙi."

"Wa ya ce wa? Ke? Yaushe Yaya ya taɓa gaya miki yana ciwo? Kuma ya ce aikinki ne, ba zai ba ki kunya a gaban mutane ba."

Lubabatu ta ajiye wayar. Ta ruga ofishin Dakta Jibo, shugaban asibitin.

"Ranka ya daɗe, a dawo da Baba. Kuskure aka yi."

Dakta Jibo ya taɓa allon teburinsa, ya girgiza kai. "Injiniya, an riga an ba wani gadon. Ke kika rufe ƙofar alfarma da hannunki, ko ni ba na iya buɗewa. A wajen Inuwa lafiyarsa ƙalau, sai ya shigo a matsayin sabon majinyaci."

Ta yi masa rajista a matsayin sabo. Inuwa ta duba tarihinsa, ta ga mutumin da ya warke jiya, ta sa shi bayan masu tsanani. Kafin layi ya zo kansa, an yi masa sutura bayan la'asar.

Bayan sadakar uku Lubabatu ta koma hawa na ƙarshe. Abin da ta tarar ya fi mutuwar firgita ta. Inuwa ba ta ganin abin da ke bayan katanga, don haka duk wanda ya cika a gida, warkakke ne a lissafinta. Bangon ya cika da kore fal. Sai a lokacin ta tuna yadda rumfunan makoki suka yawaita a unguwanni bana, ba wanda ya tambayi dalili. Ga shi kuma hukumar birni ta amince a kafa Inuwa a duk asibitocinta.

Lubabatu ta mayar da kwaikwayon baya zuwa ranar da aka kwantar da Malam. Ta ƙara abu ɗaya: tsohuwa a baranda, mai tare likita ta ce bai ci komai ba.

Inuwa ta gwada. A kwaikwayon, likita ya tsaya, aka yi hoton ciki, aka yi tiyata. Malam Ɗanjuma ya tashi. Ta sake gwadawa, ya sake tashi. Lubabatu ta yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Me hakan zai ci?" ta tambaya.

"Gurbin tabarma ɗaya a baranda," Inuwa ta amsa.

"To, a mayar da su. Duka a mayar da su."

Na'urar ta yi lissafi.

"Tabarmar tana rage saurin keke, kuma adadin masu warkewa zai ragu," ta ce. "Shawarata ita ce a cire ta."